Darasi na Tara: Bibiyar Hasashen Dusar Ƙanƙara Kafin Guguwa Ta Iso

Daga watan Disamba zuwa Maris, mazauna arewa maso gabashin Amurka ba sa shirya tafiya, ko biki, ko zuwa asibiti, sai sun duba hasashen yanayi. Idan aka ce guguwar dusar ƙanƙara na tafe, gari yakan kwana uku ko huɗu ba a zancen komai sai ita: inci nawa za ta zuba, ƙarfe nawa za ta soma, za a rufe makarantu ko kuwa. Cikin masu wannan sauraro har da Hausawa, domin akwai 'yan'uwanmu daga Gana da Nijar da Najeriya da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok, wasunsu direbobin tasi, waɗanda abincinsu ke kan titi. A wannan darasi za mu ga yadda ake yin hasashen, da dalilin da ya sa yake sauyawa daga safe zuwa yamma, da abin da mai hankali yake dubawa a cikinsa. Wanda ya fahimci wannan zai fi gane hasashen damina da na hazo da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a gida, domin hanyar aikin ɗaya ce.

Daga ina hasashen yake fitowa?

Aikin yana farawa da awo. Sau biyu a kowace rana, da ƙarfe 12 na dare da ƙarfe 12 na rana agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya na dare da ƙarfe ɗaya na rana a Kano da Damagaram, ɗaruruwan tashoshi a faɗin duniya suna sakin balan-balan ɗauke da 'yar na'ura. Na'urar tana hawa sama har kusan kilomita 30, tana aiko da bayanin zafi da laima da matsin iska da gudunta a kowane mataki. Ana haɗa wannan da abin da taurarin ɗan'adam da jiragen sama da jiragen ruwa da tashoshin ƙasa suka auna, a zuba a manyan kwamfutoci. Kwamfutar tana raba sararin samaniya zuwa ƙananan akwatuna, ta lissafa yadda iskar kowane akwati za ta motsa nan da 'yan mintoci, sannan ta ɗora wani lissafin a kan wannan, har ta kai kwanaki masu zuwa.

Tsarin lissafi biyu ne suka fi suna. Akwai na Amurka da ake kira GFS, wanda ake gudanarwa sau huɗu a rana, yana hango har kwana 16. Akwai kuma na Turai, na cibiyar ECMWF da aka kafa a 1975, mai hedikwata a garin Reading na Ingila. Hukumar yanayi ta Amurka, NWS, tana duba su duka tare da wasu ƙananan tsare-tsare, sannan masanan da ke ofisoshinta na yankuna su yanke abin da za a gaya wa jama'a.

Abin lura shi ne, awon farko bai taɓa zama cikakke ba. Teku tana da faɗi, tashoshin awo a cikinta kaɗan ne. Ɗan kuskuren da aka fara da shi yau yakan girma, bayan kwana biyar ya zama babba. Saboda haka masana ba sa gudanar da lissafin sau ɗaya su tsaya. Cibiyar Turai takan gudanar da shi kusan sau hamsin a lokaci guda, kowanne da ɗan bambanci a awon farko. In kusan dukkansu suka nuna guguwa a hanya ɗaya, masana su yi magana da ƙarfin gwiwa. In suka watse, wani ya ce gabas wani ya ce yamma, to hasashen bai nuna ba tukuna, ko da taswirar da aka zana ta yi kyau a ido.

Me ya sa adadin dusar yake da wuyar faɗa?

Faɗin cewa guguwa za ta zo ya fi sauƙi a kan faɗin yawan abin da za ta zubar a gari kaza. Babbar guguwar 12 zuwa 14 ga Maris 1993, wadda ta ratsa gabashin Amurka daga kudu har arewa, an hango ta tun saura kwana biyar. Amma inci nawa zai sauka a ƙofar gidanka, wannan ya rataya a kan abubuwan da ɗan kaɗan ke juya su.

Na farko shi ne hanyar da cibiyar guguwar za ta bi. A gaɓar Tekun Atlantika, iska mai sanyi daga Kanada tana karo da iska mai ɗumi da laima daga teku, su haifi guguwar da ke tafiya arewa maso gabas tana bin gaɓa. Dusa mafi yawa tana sauka ne a wani ziri da ke arewa maso yammacin cibiyar. In cibiyar ta matso ƙasa sosai, iska mai ɗumi ta shigo biranen gaɓa, sai a sami ruwan sama zalla. In ta yi nisa cikin teku, dusar ta zube a ruwa. Kilomita 80 kawai ta isa ta raba garin da aka binne da garin da aka yi wa yayyafi, kuma kuskuren kilomita 80 a hasashen kwana biyu ba abin mamaki ba ne.

Na biyu shi ne zafin iska tun daga ƙasa har gajimare. Ruwa yana daskarewa a digiri sifili na ma'aunin Salshiyas, wanda a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi ake rubutawa 32. In iskar duka tana ƙasa da sifili, dusa ce za ta iso ƙasa. In akwai shimfiɗar iska mai ɗumi a tsakiya, dusar ta narke a hanya. Tana iya sake daskarewa ta faɗo a matsayin ƙananan tsakuwoyin ƙanƙara, ko ta iso a matsayin ruwa ta daskare nan take a kan titi da wayoyin lantarki da rassan itatuwa. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne mugunta ga direba, kuma digiri ɗaya ko biyu ne ke tsakaninsu.

Na uku lissafi ne da za mu yi tare. Kwamfuta tana hasashen yawan ruwan da gajimare zai saki, sai masani ya mayar da shi zuwa kaurin dusa. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ɗaya zuwa goma: ruwa milimita 25 yana ba da dusa milimita 250, wato santimita 25. Amma ƙa'idar ba ta tsaya cak ba. In sanyi ya yi tsanani, dusar takan zo busasshiya, mara nauyi, ta kai ɗaya zuwa ashirin. Ruwan nan milimita 25 sai ya zama santimita 50. In kuma zafin yana dab da sifili, ta zo a jiƙe, mai nauyi, ta tsaya a ɗaya zuwa shida, wato santimita 15. Kun ga ke nan, ko da masani ya dace da yawan ruwan daidai, amsarsa tana iya zama 15 ko 50. Jiƙaƙƙiyar kuma, duk da ƙarancin kaurinta, ita ce mai karya itatuwa da wayoyi, ita ce kuma ke wahalar da zuciyar dattijon da ya ɗauki shebur.

Niyok, Janairun 2015

Ranar 26 ga Janairu 2015 hukumar NWS ta yi hasashen dusa inci 20 zuwa 30 a birnin Niyok, wato santimita 50 zuwa 76. Magajin garin na lokacin, Bill de Blasio, ya gargaɗi jama'a cewa tana iya zama cikin mafi girma a tarihin birnin. Gwamnan jihar, Andrew Cuomo, ya hana motoci fita, ya kuma rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙarfe 11 na dare, abin da ba a taɓa yi saboda dusa ba tun da aka buɗe shi a 1904. Gari ya waye, aka auna a lambun Central Park, aka sami inci 9.8, bai kai rabin ƙaramin adadin da aka faɗa ba.

Jama'a suka yi ta zolaya. Wani babban jami'in ofishin hukumar da ke kula da yankin Filadelfiya, Gary Szatkowski, ya nemi afuwa a Twitter. To amma guguwar ba ƙarya ba ce. Ta zo da ƙarfin da aka faɗa, sai dai ta karkata gabas da 'yan kilomitoci masu dama. Birnin Boston ya sami fiye da inci 24, Worcester ta sami inci 34.5, gabashin tsibirin Long Island, wanda ke maƙwabtaka da Niyok, ya sami sama da ƙafa biyu. Niyok ta faɗa a bakin zirin ne, inda adadin ke sauka da sauri.

Akwai wani abin da ya faru a bayan fage. Tsarin Turai ya nuna dusa mai yawa a Niyok, na Amurka ya nuna guguwar za ta fi karkata gabas. Masana suka fi jingina da na Turai, kuma suna da hujja, domin a 2012 shi ne ya riga kowa hango cewa mahaukaciyar guguwar Sandy za ta juyo ta afka wa gaɓa. Wannan karon na Amurka ne ya dace. Shugaban hukumar na lokacin, Louis Uccellini, ya amsa cewa ba su bayyana wa jama'a girman shakkar da ke cikin hasashen yadda ya kamata ba. A ganina nan ne ainihin laifin yake. Rufe gari a daren da ake da dalilin tsoron inci 30 ba wauta ba ce. Abin da aka rasa shi ne a gaya wa mutane cewa inci 10 ma tana cikin abin da zai iya faruwa.

Shekara guda bayan haka, a Janairun 2016, wata guguwar ta taso, Niyok ta sake zama a bakin ziri. Wannan karon zirin ya matso, Central Park ta sami inci 27.5, mafi yawa da aka taɓa aunawa a wurin a guguwa ɗaya. Wanda ya ɗauki darasin 2015 a matsayin "masana ba su san komai ba" ya sha mamaki.

Yanzu ofisoshin hukumar suna fitar da adadi uku: wanda aka fi tsammani, da na ƙasa, da na sama. Na ƙasa yana nufin sau tara cikin goma dusar za ta wuce shi. Na sama yana nufin sau ɗaya cikin goma ne kawai za ta wuce shi. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ma'aunin shakka. In aka ce inci 8 ake tsammani, na ƙasa 6, na sama 10, masana sun natsu. In aka ce 8, na ƙasa 2, na sama 18, to magana ba ta zauna ba, sai a ci gaba da sauraro. Mai hankali yana tsara ranarsa da na tsakiya, amma yana sayen abinci da magani da na sama.

Ba yawan inci ne ke kisa ba

Ranar 28 ga Janairu 2014 dusar da ta sauka a birnin Atlanta na jihar Jojiya da ke kudu ba ta kai inci uku ba. Amma ta soma da tsakar rana, aka saki makarantu da ofisoshi kusan lokaci guda, motoci suka cika tituna, dusar ta narke a ƙarƙashin taya ta sake daskarewa. Mutane suka kwana a motoci, yara da yawa suka kwana a makarantu. An fitar da gargaɗi tun kafin asubar ranar, sai dai masu yanke hukunci ba su yi aiki da shi a kan lokaci ba, har gwamnan jihar Jojiya, Nathan Deal, ya fito ya nemi afuwa. Inci ukun nan ba za ta hana kowa zuwa aiki a arewa ba, inda motocin share titi da gishirin watsawa suke a shirye. Shi ya sa ma'aunin fitar da gargaɗi ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Birnin Bafalo, a yammacin jihar Niyok, yana bakin Tafkin Erie, kuma yana da irin tasa dusar. In iska mai tsananin sanyi ta ratsa saman tafkin kafin ya daskare, takan kwashi ɗumi da laima, ta sauke su a gaɓa cikin wani siririn ziri. Kamar yadda ruwan damina kan jiƙa wata unguwa sharkaf ya bar maƙwabciyarta da ƙura, haka wannan zirin yake: a Nuwamban 2014 wasu garuruwan kudu da Bafalo sun sami kusan ƙafa bakwai, alhali 'yan kilomitoci a arewa inci kaɗan aka gani. A nan abin da ake bibiya shi ne alƙiblar iska, domin in ta ɗan juya, zirin ya koma kan wasu.

Ku kwatanta guguwa biyu da suka auka wa yankin a 2022. A Nuwamba garin Orchard Park ya sami kusan inci 80, wato mita biyu, har aka ɗauke wasan ƙwallon ƙungiyar Buffalo Bills zuwa Detroit. Waɗanda suka rasu kaɗan ne. A Disamba, daga ranar 23, filin jirgin saman Bafalo ya sami fiye da inci 50 cikin 'yan kwanaki, ƙasa da na Orchard Park, amma mutum fiye da 40 suka rasu a yankin. Bambancin shi ne iska. Ta yi ta kaɗawa, wani lokaci gudunta ya wuce kilomita 110 a sa'a, tana kwasar dusa tana watsawa, har mutum ba ya ganin hannunsa, aka yi sa'a 37 a haka. Motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya kansu sun maƙale. An sami wasu mamatan a motoci, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke.

An hango wannan guguwa tun da saura kwanaki, masana kuma sun faɗi muninta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma ranar Juma'a ce, saura kwana biyu Kirsimeti, garin kuma ya waye da ruwan sama, ba sanyi sosai. Mutane suka fita aiki da sayayya. Kafin hantsi ya yi nisa zafin ya faɗi, iska ta taso. An hana tuƙi da ƙarfe tara da rabi na safe, daga baya aka yi ta muhawara a kan ko an makara. Wanda ya leƙa taga da asuba ya ga ba komai. Wanda ya karanta sa'ar da aka ce iska za ta juya ya san kada ya fita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Matakan sanarwa, da tsarin sauraro

Hukumar tana magana mataki-mataki. Akwai sanarwar a zauna cikin shiri, wadda ake fitarwa tun saura kwana ɗaya zuwa uku: abu na iya faruwa, ba a tabbatar ba. Akwai gargaɗi: abin ya kusa ko ya soma, kuma yana barazana ga rai. Akwai shawara ta ƙaramin yanayi, wanda zai wahalar amma ba zai yi ɓarna ba in an kula. Sai kuma gargaɗin guguwa mai makantarwa, wanda sharaɗinsa iska ta kai kilomita 56 a sa'a, gani ya gaza mita 400, a shafe sa'a uku ko fiye a haka. Ku lura ba a ambaci yawan dusa a sharaɗin ba ko kaɗan.

Saboda haka sauraro ma yana da tsari. In saura mako guda, abin da za ka ɗauka shi ne akwai yiwuwar guguwa. Duk taswira mai launin ja da shunayya da aka turo maka a WhatsApp ko Facebook tana faɗin inci kaza a garinku, sakamakon gudu ɗaya ne na kwamfuta, gobe za ta sauya. In saura kwana uku, duba ko hasashen yana karkata gefe ɗaya a jere ko yana kai da komo, sannan ka sayi abin da kake bukata tun kantuna ba su cika ba. In saura kwana ɗaya, adadi ya fara zama abin dogaro, sai ka nemi sa'ar farawa, da sa'ar da za ta fi ƙarfi, da gudun iska. Dusar da ke sauka inci biyu a sa'a ta fi ƙarfin motocin share titi. Dubawa sau biyu a rana ta wadatar, safe da yamma, kuma daga tushe ɗaya. Manhajar waya da ke nuna lamba ɗaya tak ba ta gaya maka tazarar shakka, gara ka je ga bayanin ofishin hukuma na yankinku.

Akwai haɗari biyu da hasashe ba ya nunawa, amma suna biyo kowace guguwa. In mota ta maƙale kuma dusa ta toshe salansa, hayaƙin injin yana komowa ciki ya kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. Haka janareto ko gawayi da aka kunna cikin ɗaki a rufe. Wannan na biyun mun san shi a gida, lokacin hunturu.

Aiki

Ku rabu biyu-biyu ku amsa waɗannan a littafinku. An yi hasashen ruwa milimita 30. Nawa ne kaurin dusar a santimita in ƙa'idar ɗaya zuwa goma ce, nawa ne kuma in ɗaya zuwa goma sha biyar ce? Gari biyu, kowanne ana tsammanin inci 6. Na farko tazararsa 5 zuwa 8, na biyu 1 zuwa 14. A wanne ne ya fi kamata shugaban makaranta ya jira sabon hasashe kafin ya yanke hukunci, kuma me ya sa? Sannan ku tattauna: da kai ne gwamnan Niyok a daren 26 ga Janairu 2015, da abin da aka sani a lokacin kawai, za ka rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa?

Aikin gida kuma, kowa ya saurari hasashen yanayin garinsa a rediyo ko a waya har kwana bakwai. Ka rubuta abin da aka ce za a yi gobe, washegari ka rubuta abin da ka gani da idonka a gefensa. A zo da takardar a darasi na gaba.